Fitilar Uwani da Irin Inna Tasalla

Duk yarinyar da ta zo wurina neman koyon sana'ar nono, injin take fara nunawa da yatsa. "Anti Ladidi, ba wannan ne yake yi ba? A zuba ta nan, ya fita ta can?" To ku zauna ku ji, don na gaji da yi wa kowace bayani ita kaɗai. Injin nan ba ya yin nono. Kisa kawai ya iya. Abin da ke mayar da madara kindirmo yana cikin ƙaramar ƙwaryar can da na rufe da faifai, wadda ko kallonta ba ku yi. Na kusa barin Inugu saboda abubuwan nan biyu, kuma sai kun ji yadda aka yi kafin in bar ɗayarku ta taɓa min ludayi.

A unguwar Obiagu, nan Inugu, aka haife ni. Mahaifina mahauci ne. Na gama sakandare da sakamako mai kyau, har a darasin kimiyya, amma hanyar wucewa gaba ba ta buɗe ba, sai mahaifiyata ta kama hannuna ta kai ni wurin Inna Tasalla, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa tana dama fura da nono a unguwar. Na je da tunanin a mako guda zan haddace komai.

Wankin ƙwarya aka fara ba ni, kuma na daɗe a kai har na fara zargin tsohuwar ta manta da ni. Ruwan zafi, toka, soso, a ɗauraye, a sake ɗaurayewa, sannan a kife su a rufin ɗaki rana ta gasa su. Ba a sa sabulu mai ƙanshi, don ƙwarya tana riƙe ƙanshi ta zuba shi a nono. Idan na gama, Inna ba ta dubawa da ido. Hanci take sawa. Ta shinshina ta ajiye, ta shinshina ta ajiye, sai ta miƙo min guda ta ce, "'Yar boko, wannan jiya take wari." In ce, "Inna, wallahi na wanke." Ta ce, "Ban ce ba ki wanke ba. Na ce jiya take wari." In koma bakin rijiya ina cika ina batsewa.

Karɓar madara shi ne aiki na biyu. Baffa Buba ne ke kawo mana daga rugar da ke bayan gari, a jarkoki, cikin keke mai ƙafa uku. Kafin a juye, ana ɗiga ɗigo a farcen babban yatsa. Idan ya tsaya cur, madara ce. Idan ya gangara, an yi mata wanka a hanya. Sai a tafasa cokali guda a gani ko za ta tsinke. Bayan wannan sai tambayar da Inna ba ta taɓa tsallakewa ba: "Buba, wacce aka yi wa allura?" Shi kuma kullum sai ya fara da rantsuwa, daga baya ya ce to, jar nan ce, amma tun shekaranjiya. Inna ta sa a ware jarkar. Madarar saniyar da aka yi wa allura ba ta kwana. Ki zuba mata iri, ki rufe, ki lulluɓe da bargo, da safe ki tarar da ita yadda kika bar ta, sai ɗan wari. Maganin da ke jikin saniyar yana fitowa ta nononta ya kashe irin. Kuma a ruga ba sa jiran likita. Saniya ta yi tari, allura. Ta ƙi cin ciyawa, allura. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Iri shi ne ɗan kindirmon jiya da ake zubawa a madarar yau bayan an tafasa ta ta huce. Ba zafi ba, ba sanyi ba, daidai yadda za ki iya barin ɗan yatsanki a ciki ba ki janye ba. Kowace mai nono da irinta, kuma mai sha ya san bambanci ko bai san dalili ba. Na Inna yana da tsami mai laushi da ke zuwa daga baya, ba ya dukan haƙori. Na mahaifiyarta ne. Lokacin yaƙin basasa, da aka kwashe mutanenmu a jirgin ƙasa zuwa Arewa, Inna tana yarinya, ta ce mahaifiyarta ta bar tukwane da tabarmi da komai, amma ta ɗaura ƙaramin gora a ƙugu. Duk inda jirgi ya tsaya sai ta bi tana roƙon ɗan madara ta ciyar da abin da ke ciki. Da aka gama yaƙi suka dawo da shi. Inna ba ta ba da labarin da hawaye. Tana bayarwa ne idan ta ga na bar ƙwaryar iri a buɗe.

Ina cikin shekara ta biyu Uwani ta zo. Daga ƙauye aka kawo ta wurin yayarta, ba ta iya rubuta ko sunanta ba. Ni na koya mata wankin ƙwarya. Ni na nuna mata ɗigon farce. Komai nata a hankali, idan tana burga nono da maburgi sai ka ce ba ta son ta tashe shi daga barci. Amma ta iya dariya. Masu tura baro da 'yan ga-ruwa da masu yankan farce, samarin nan da suke zuwa daga ƙauyukanmu neman na kansu, su ne manyan masu sayenmu, kuma sai ka ga sun tsaya a layinta alhali gabana ba kowa. Ni in mutum ya tsaya yana min labarin garinsu, ce masa nake, "Malam, fura nawa?" Ita kuwa har sunan ƙanwarsa sai ta tambaya. Furar iri ɗaya ce fa. Nonon ma daga tukunya ɗaya.

Rana ɗaya Inna ta yaye mu. Rana ɗaya, ni da na riga ta da fiye da shekara. Ƙafafun Inna sun fara kumbura, ta ce ta gama zaman kasuwa. Ta ɗebi iri da ludayinta ta zuba min, ta ɗeba ta zuba wa Uwani, kuma na duba, ba ta fifita nawa ko da ɗigo ba. Ta ba ni wurin zamanta na gindin mangwaro a ƙofar masallaci, Uwani ta samu bakin tasha. Sannan ta faɗa mana dokar iri. Ba a sayar da shi. Ba a musayarsa da komai. Ba a hana shi. Amma wadda nata ya mutu, ta zo da ƙafarta da ludayinta ta roƙa da bakinta, ba aike.

Gindin mangwaron nan ya ciyar da ni da mahaifiyata bayan rasuwar mahaifina, har shekarar da komai ya lalace.

Waɗanda suka zauna a nan lokacin sun sani. Akwai ranakun da ba a fita, ko kaza ba ta tsallaka titi. A ji harbi ta wajen mahadar hanya, a rufe shaguna, a zauna. Samari da yawa suka hau motocin shanu suka koma gida. Gawayi ya yi wuya, gas kuwa ba a maganarsa. Wasu daga cikin masu nono suka fara rage tafasa, madara ta ɗan yi zafi kawai a sauke, wasu suna tsinka nono da ruwan rijiya don ya auku. Ni ban yi ba. Na ƙona tsohon bencinmu na tafasa madara da shi. Amma wa ya tambaye ni?

Sai yara suka fara gudawa, namu da na maƙwabtanmu Ibo. A kai yaro asibiti, a ba shi magani, shiru. A canza wani, shiru. Mama Chidi, mai shagon kayan miya da ta shekara tana sayen kindirmona don jikokinta, ita ta ja ni bayan shagonta ta ce min da Hausarta ta kasuwa, "Ladidi, kwashe kayanki yau. Ana cewa mutanenku suna sa guba a nono." Na ce, "Mama, ni da nake sha da bakina?" Ta ce, "Ni na sani. Masu zuwa da sanda ba su sani ba." A irin wannan lokaci magana kamar wannan ba ta tsayawa a baki. Na kwashe. Kafin mako ya zagayo duba-gari suka zo, suka ɗebi nonon kowa a ƙananan kwalabe, suka ce daga yau ba mai sayar da nono a unguwar sai mai ɗauke da tambarinsu.

Wata likitar dabbobi, 'yar Ibo, doguwa mai gilashi, ita ta tsaya a zauren Sarkin Hausawa ta yi bayani da tafinta, kuma na yaba mata da wannan: ta kashe maganar guba a gaban kowa. Ta ce ƙwayoyin cuta ne. Ta ce shanun da ake yi wa allura ba ƙa'ida, ƙwayoyin da ke jikinsu sun saba da maganin har ba sa jin sa, kuma maganin dangin wanda ake ba mutane ne. Su bi ta madarar da ba ta tafasa ba, ko ruwa, ko kwalba, su shiga cikin yaro, asibiti ya rasa abin ba shi. Na gane tun kafin tafinta ya buɗe baki. Ta ce akwai wata fitila da haskenta ke kashe su, kuma hasken bai damu da ko suna jin magani ko ba sa ji ba. Inji ɗaya suke da shi na gwaji, za su ɗora shi a hannun mace ɗaya. A dawo ranar Laraba da safe.

Na zo da safe. Da safe suka ce. Muka zauna har rana ta take, har aka kira azahar, ba su ba alamarsu. Ina da abin yi. Na tashi na tafi. Ashe ina juya baya motarsu ta tsaya, wai shingen sojoji ya tsare su. Uwani tana nan zaune inda na bar ta, da ma ita zama ba ya damunta. Suka je suka ga ɗakin yayarta yana da daɓen siminti da mitar wuta, shi ke nan. Aka ba ta inji, aka ba ta ɗan littafin bayani da Turanci. Turanci! Uwani da ke riƙe takarda a kife.

Na je ganinsa da sunan aron mataci. Wani bututun ƙarfe ne mai sheƙi a kan ƙafafu, da mazubi a sama da famfo a ƙasa, a cikinsa doguwar fitila a kube na gilashi. Idan aka kunna, ta wata 'yar taga za ka ga haske shuɗi-shuɗi. Ba a kallon fitilar tsirara, ido zai kwana kamar an zuba masa yashi. Madara ba ruwa ba ce, haske ba ya ratsa ta, don haka dole ta bi jikin gilashin siririya kamar ɓawon albasa, a hankali. Ka buɗe famfo da yawa don sauri, ka yi aikin banza. Bayan kowane zubi a kwance a goge gilashin, don maiƙo yana rufe shi. Ruwan ɗauraya ma ta ciki yake bi, kwalabe kuma a jera su a wani akwati mai irin fitilar. Tafasa tana nan, ba a daina ba. Kuma fitilar ba ta cire allura daga madara, har yau sai an tambayi Baffa Buba wacce aka yi wa. Duk wannan na fahimce shi a tsaye, da mataci a hannu. Uwani sai da likita ta yi ta zuwa tana nuna mata.

"Yaya Ladidi, kin ga ikon Allah?" in ji ta, tana shafa ƙarfen da gefen zane.

Na ce, "Na ga bututu."

Tambarin ya zo da sunanta a jiki da shuɗin rubutu. Aka ɗauki hotonta tana dariya kusa da injin, aka manna a asibitin unguwa da bakin tasha. Mutane suka fara ce mata Hajiya Uwani, ko filin jirgi ba ta taɓa gani ba. Sauran masu nono, wasu suka koma Arewa, wasu suka tafi Anacha sayar da goro, biyu da suka rage suka zama masu wanke mata kwalabe, irinsu duk ya mutu don sun daina ciyar da shi. Ina zaune a ƙofar gida sai in ga masu tura barona, waɗanda na san yawan sukarin kowannensu, suna wucewa da kwalbar Uwani a aljihu. Wani ya gaishe ni, wani ya sunkuyar da kai. Har Mama Chidi. Ta ce, "Kar ki ji haushi, Ladidi, saboda yara." Na ce ban ji ba.

Likita ta ce duk wadda nononta ya bi ta injin, kuma aka duba wurin aikinta, za ta samu tambari. Wato in ɗauki jarkata in je ƙofar Uwani in yi sallama in jira. Yarinyar da na koya wa riƙon soso. Ban je ba. Ita ma ba ta ce in zo ba.

Sai masu kula da masallaci suka aiko. Wani mai shayi yana neman gindin mangwaro, wurin ba zai zauna haka ba, in ban dawo kafin Sallah ba za a ba shi. Yayana Sabo da ke sayar da tumatir a kasuwar Mile One ta Fatakwal yana ta kira. "Ke Ladidi, me kike jira? Ki kwaso Umma ku taho, ga tire ga tumatir." Tumatir. Ni da na san madara da farce.

Abu ɗaya na ci gaba da yi. Kullum sai na sa kofi guda. Baffa Buba in ya kai wa Uwani jarkokinta, sai ya tsaya ya zuba min ɗan abin da ya rage, in tafasa, in bari ya huce, in zuba iri, in rufe. Da safe in ware na gobe, mu sha sauran ni da Umma. Ranakun da ba a fita, madarar gari nake damawa in ciyar da shi, yana ƙyuya amma yana rayuwa. Umma ta ce, "Ke da ba ki sayarwa, wahalar me kike?" Na ce, "Umma, bar ni."

Ana saura kwanaki Sallah abin ya faru, kuma daga baya na ji yadda aka yi dalla-dalla. Kasuwa ta buɗe wa Uwani har ba ta iya barin kindirmon jiya, duk ta sayar, sai irin da ta ware. Jiyanta ba a fita ba, don haka ranar ba man janareta, kuma an ɗauke wuta tun safe. Ta tafasa madara tukunya-tukunya, ta huce ta kai daidai ɗan yatsa, wuta shiru. Ta ji tsoron kar ta wuce lokacinta, sai ta juye irin gaba ɗaya ta gauraya. Tana gamawa aka kawo wuta. Sai ta tuna likita ta ce kar komai ya shiga kwalba bai bi ta fitila ba. Ita kuwa Uwani in an faɗa mata magana, ta riƙe ke nan. Ta ɗauki madarar da irin a ciki ta bi da ita ta injin, a hankali, siririya, yadda aka koya mata. Ta yi aikin da kyau. Fitila ba ta san na gida da baƙo ba. Ta kashe mata irin Inna tas. Yana rubuce a littafin, shafi na farko ma: fitila kafin iri.

Da safe ta buɗe ta tarar da ruwa. Ta aika aka sayo yogot na kanti ta gwada da shi. Ya kama, amma yana yauƙi kamar kuɓewa, ga ƙanshin alewa. Wani mai tura baro ya kurɓa ya ce, "Hajiya, wannan na jarirai ne ko na shafawa?" Bakin tasha aka yi ta dariya.

Ta kira ni a waya. "Yaya Ladidi, ina kwana. Dama cewa na yi ko in turo a karɓo min ɗan..."

Na ce, "Kin san doka." Na kashe.

Da hantsi ta zo, ludayi a ɓoye cikin hijabi. Ba ita kaɗai ba. Ashe wurin Inna ta fara zuwa, Inna ta ce mata ita ba ta da iri sai tsufa, ta je wurin Ladidi. Kuma tsohuwar ta ɗauki sandarta ta biyo ta, da kumburarrun ƙafafun nan, ta zauna a kan turminmu tana haki. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Ci gaba da abinki, iska na zo sha."

Uwani ta fito da ludayin. "Yaya, nawa ya mutu. Ki taimake ni da iri."

"Hajiya guda? Mai hoto a asibiti?"

"Yaya, don Allah."

"Injin bai haifa miki wani ba?"

Ta miƙo ludayin. Na shiga na ɗauko ƙwaryar, na ɗaga faifai, ƙanshin ya tashi. Na riƙe ta a hannu ban zuba ba. Ga abin da nake nema a ɗakinta, ga abin da take nema a hannuna. Ko yaro ya ga yadda lissafin yake. Na ce, "To, Uwani, shi injin naki, idan ni ma..."

Inna ta yi gyaran murya. "Ladidi, ciniki nake ji?"

"A'a, Inna."

"Na ɗauka kunnena ne."

Na cika mata ludayin. Har ya ɗan zuba a yatsanta ta lashe. Ta yi godiya, ta rufe shi da tafin hannu, ta fita tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Ba ta ce komai game da inji ba. Ko kalma. Inna ta miƙe ta ce a gaida Umma, ta bi bayanta.

Ranar na ciro jakar Gana-mas-go na fara zuba kaya. Na kira Yaya Sabo na ce ya nema mana ɗaki. Ƙorena na jera su ina tunanin wa zan bar wa. Mai shayi kuwa har ya kai bencinsa gindin mangwaro, wai yana gwada inuwa.

Kwana biyu bayan nan keke ya tsaya a ƙofarmu. Uwani ce, da kwalba ɗaya a hannu da littafin nan duk ya yi maiƙo. Ta miƙo min kwalbar. Na buɗe na kurɓa. Ya kama. Tsamin ya zo daga baya yadda ya kamata, ko da yake ta ɗan bar shi ya wuce.

Ta ce, "Yaya, inji yana zaman banza daga hantsi zuwa azahar."

Na ce, "To?"

"To shi ne na ce. Kuma likita ta ce fitilar tana tsufa ko tana haske, wai akwai lokacin canza ta, yana cikin nan. Ni ban gane ba." Ta kalli jakar da ke tsakar gida, ta kalle ni. "Ba musaya ba ce fa, Yaya. Kar Inna ta ji."

"Wa ya ce musaya ce? Kawo littafin. A kife ma kika riƙe shi."

Washegari na kai jarkata. Na yi sallama, na jira ta gama nata, na goge gilashin da kaina don ban yarda da gugarta ba. Likita ta zo ta duba ɗakina, ta duba ƙorena, ta shinshina ɗaya ma, ta ce da kyau. Ta tambaye ni me ya sa ban zo taron Laraba ba. Na ce na zo, su ne ba su zo ba. Ana jajibirin Sallah tambarina ya fito. Na je gindin mangwaro na tarar da bencin mai shayi, na ja shi gefe na shimfiɗa ledata. Ya ce, "Haba Hajiya." Na ce, "Ba ni ce Hajiya ba, tana bakin tasha." Mama Chidi ce ta fara saye. Ta kurɓa ta ce, "Kai, kamar na Uwani!" Kamar na Uwani. Na ba ta canjinta.

Yaran unguwa sun daina kwanciya, ba don mu kaɗai ba, an gyara rijiyoyi kuma likita ta yi ta zirga-zirga ruga a kan maganar allura. Hoton Uwani yana nan a asibiti har yau, ya koɗe amma dariyar tana nan. Ba wanda ya ɗauki hoton ƙwaryata. Duk kwalbar da ta fita daga ɗakinta tun daga ranar, daga ludayina ta samo asali, ku je ku tambaye ta, ba za ta musa ba, dariya kawai za ta yi.

Wannan injin da kuke nunawa nawa ne, daga baya na sa aka haɗo min shi a Anacha. Don haka ga tsarin, kuma sau ɗaya zan faɗa. A tambayi Baffa wacce aka yi wa allura. A tafasa. A bi ta fitila, siririya. Iri a ƙarshe, kuma kar a taɓa juye shi duka. Wadda ta yarda, ga toka ga soso, ƙore suna bayan ɗaki. Wadda take ganin ya yi mata yawa, ta tafi bakin tasha, can ana dariya, kuma fitilarsu ta fi tawa tsawo da taƙi guda. Na auna.